Famfon mai: kayan da ba ya fitowa a bidiyo

1/ Zare ne, kuma da ɗan tsawo. 🧵
Duk matashin da ya shiga harkar ƙara wa mota ƙarfi, abu uku yake fara lissafi: turbo, salansa, taya. Har yau ban ga wanda ya ɗora hoton famfon mai yana alfahari da shi ba. Alhali wannan ɗan abin da bai kai gwangwanin maltina kauri ba shi ke yanke hukuncin ko injinka zai ga baɗi ko zai buga kafin babbar Sallah.

2/ Ni ɗan Giyawa ne, ƙaramar hukumar Goronyo. Aiki ya ajiye ni cikin garin Sakkwato, amma gida ba ya wuce mini mako biyu. Motata BMW E36 ce, 325i, mai injin M50: silinda shida a jere, lita 2.5, doki 192 yadda kamfani ya fito da ita. An ƙera E36 tsakanin 1990 da 2000. Wato ta girme ni, ta kuma girmi mafi yawan masu karanta wannan zaren.

3/ Da turbo a jiki na saye ta. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya kashe kuɗi, ba ƙarya: turbo mai hura rabin bar, manyan nozul, an taɓa ƙwaƙwalwar motar. Ko da ya buɗe mini bonet sai da na ce masha Allah. Abin da bai taɓa ba shi ne abin da ke ƙarƙashin kujerar baya. Famfon da ke cikin tankin, wanda aka zo da shi daga Turai ne.

4/ Alamar farko a hanyar gida ta fito, bayan an wuce Achida. Na fita zan wuce wata babbar mota da ta sha lodin albasa, ina giya ta uku, turbo ya fara busa, sai motar ta yi wani ɗan jinkiri kamar mutum ya sarƙe da ruwa. Daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na ɗaga ƙafa, ta dawo daidai, na koma bayan motar albasa na bi ta a hankali har inda hanya ta buɗe sosai.

5/ Wanda bai san gabashin Sakkwato ba zai ce ai ƙaramin abu ne. Mu a wajenmu mota ta mutu a hanya bayan la'asar ba zancen jiran bakanike ba ne. Kowa ya tuna harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021. Kowa ya tuna lokacin da aka katse layukan waya a shekarar, ko ka lalace ba wanda za ka kira. Direbobin Wurno, Rabah da Goronyo duk da agogo suke tuƙi.

6/ Shi ya sa Inna tambaya ɗaya kawai ta taɓa yi mini game da motar nan. Ba ta tambayi gudu ba, ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, "Wagga mota taka, ba ta mutuwa bisa hanya?"

7/ Washegari na kai wa Kawu. Ƙanen Inna ne, bakanike tun zamanin da Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ke mulkin tashoshi. Ba ya son motata, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗan nan, wagga mota ƙishirwa taka ji. Kak ka sake taka ta sai mun auna."

8/ Bari in tsaya in yi bayanin abin da Kawu yake nufi, don nan ne mutane da yawa suke asarar inji.
Fetur ba ya ci shi kaɗai, sai da iska. In ana son ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya na mai yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Aikin turbo ɗaya ne: ya cusa iska fiye da wadda injin zai zuƙa da kansa. Ƙarin iska kuwa dole sai da ƙarin mai.

9/ Har ma fiye da haka. Lokacin da turbo ke hurawa, masu saita inji sukan sauko da lissafin zuwa wajen 11.5 ko 12, wato suna ba da mai fiye da ƙa'ida da gangan. Wannan rarar man ita ke sanyaya kan fistin. In mai ya gaza iska ta yi yawa, zafi ya haura, wuta ta fara tashi ba a kan lokacinta ba. Za ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani.

10/ In ka ji wannan ƙarar ka ci gaba da taka totur, to kana cin fistin ɗinka ne. Gefensa ya tsage, ko samansa ya narke. Sai a ce "inji ya buga", a ɗora wa mai turbo laifi, ko a ce sammu ne. 😅

11/ Abin haushin shi ne famfon da ya gaji ba ya nuna kansa cikin gari. Daga Gawon Nama zuwa kasuwa, lafiya lau. A silo, lafiya lau. Sai daidai lokacin da ka buƙaci duk ƙarfin motar, kana gefen tirela wata na tahowa, sannan zai ce shi fa iyakarsa ke nan.

12/ Lissafin ba wuya. Injin da ba turbo, in an taka shi har ƙasa, kowane doki yana shan wajen lita 0.3 a awa. Doki 192 ke nan ya kama lita 60 a awa, ko ƙasa kaɗan. Mai turbo ya fi ci: wajen lita 0.37 kowane doki. In motata tana ba da doki 280, tana neman lita ɗari da 'yan kai a awa. Ka ƙara kashi 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ka tashi wajen 125.

13/ Kada wani ya firgita, ba a ce tana shanye tanki biyu a awa kullum ba. Wannan gudun kwararar da ake buƙata ne a 'yan daƙiƙun da ƙafarka take ƙasa.

14/ To ga inda ake rikicewa. Ba yawan mai kaɗai ba, da matsi. Tsohuwar 504 mai kafireta famfonta a jikin inji yake, kamshaf ke motsa shi, matsin bai kai rabin bar ba. Injin M50 kuwa regiletarsa tana riƙe da bar 3.5. Kuma regiletar tana bin iskar da ke cikin manifol: turbo ya hura rabin bar, dole matsin mai ya hau zuwa bar 4, in ba haka ba nozul ba zai iya fesawa yadda aka saita shi ba.

15/ Famfo kuma halinsa irin na injin ban-ruwa ne. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Wurno ko ƙasan dam ɗin Goronyo ya san wannan: injin da ke cika kwami cikin minti kaɗan a fili, ka ja tiyo ka hau da shi tudu, ruwan sai ya koma kamar fitsarin akuya. Injin bai canza ba, tudun ne. Matsi shi ne tudun famfon mai. Yana hawa, kwarara na raguwa.

16/ Wato daidai lokacin da inji ya fi buƙatar mai, lokacin ne famfo ya fi rauni.

17/ Kawu bai buɗe komai ba sai da ya ɗaura geji a layin mai, ya ja dogon tiyo ya manne gejin a gilashin gaba ta waje. Ta waje fa, ba a shigo da tiyon fetur mai matsi cikin mota. Muka fita bayan gari inda ba kowa, shi yana kallon allura ni ina tuƙi. Turbo na fara busa allurar ta hau, ta doshi 4, sai ta fara zamewa ƙasa. 3.5. 3.2. Ya daki dashbod. "Ɗaga ƙahwa! Ya isa."

18/ Muka dawo gareji aka yi gwajin bokiti: a cire tiyon da ke mayar da mai tanki bayan regileta, a sa a mazubi mai awo, a kunna famfo daƙiƙa 30. Tsohon bai cika lita ɗaya ba, kuma da sanyinsa ke nan. Da ya yi zafi sai abin ya ƙara sauka. Lita ɗaya a daƙiƙa 30 ita ce 120 a awa. Ku koma lamba 12 ku gani da kanku.

19/ Ban ga laifin famfon ba, gaskiya. Shekara kusan talatin yana aiki, kuma kun san abin da yake sha a ƙasar nan. A Fabrairun 2022 NNPC da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai yawan methanol daga Antwerp ta Beljiyam, aka yi ta dogayen layuka. Wannan wanda aka sanar ke nan. Na galan ɗin bakin hanya, mai ƙura da ɗigon ruwa da tsatsar durom, ba mai sanar da kai.

20/ Kuma a yankinmu galan ba zaɓi ba ne ko yaushe. Tun 2021 da gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, samun mai a ƙauyuka ya zama sai yadda ka samu. Sannan aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Kowa ya koma shan mai cokali-cokali, ana yawo da jar wuta a kunne.

21/ Famfon cikin tanki kuwa man da ke ratsa shi da wanda yake nutse a ciki su ke sanyaya shi. Ka haɗa zafin Sakkwato na watan Afrilu, sama da digiri 40, da kwalta mai tururi a ƙasan tanki, da lita uku kacal na mai da ke zagayawa inji yana dawowa da ɗumi. Wahala ce tsagwaronta.

22/ Wani zai tambaya: injin lantarki cikin fetur, ba ya tashi da wuta? A tankin da ke rufe tururin mai ya yi yawa, iskar da wuta za ta ci ba ta isa ba. Haɗarin yana farawa ne lokacin da ka buɗe murfin, tururi ya gauraya da iskar waje. Nan ne ake cire kan batir, a kori mai sigari, a kori mai walda na maƙwabta in da hali.

23/ Zaɓin famfo. Sunaye biyu za ka fi ji a duniyar masu wannan harka. Walbro 255, wanda lambarsa ke nufin lita 255 a awa a matsin wajen bar 3, cikin tanki ake sa shi. Da Bosch 044, wanda ake ɗaurawa a waje kan layi, ya fi ƙarfi, ya fi ƙara, kuma yana son wani ya riƙa miƙo masa mai don ba gwanin zuƙowa ba ne. Akwai masu 340 da 450 ma.

24/ Abokaina kusan duka 450 suka ce in sa. "Ka sa babba kawai ka huta." Ban yarda da wannan ba, kuma har gobe ban yarda ba. Famfo ba ya ƙara doki ko ɗaya. Abin da nozul bai fesa ba tanki yake komawa. In ka sa wanda ya fi ƙarfin regiletar kamfani, ba ta iya mayar da rarar da sauri, matsi ya hau a silo, mota ta fara baƙin hayaƙi, filogi su yi baƙi. Ga jan wuta, ga dafa mai a banza.

25/ 255 na zaɓa. Ko a bar 4 yana da rara mai yawa a kan 125 da nake nema.

26/ Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Famfon farko da aka kawo mini daga wani shago, kwali tsaf, rubutu tsaf, mai shagon har da rantsuwa. Kawu ya juya shi a hannu, ya auna nauyinsa da tafin hannu kamar mai sayen kaza, bai ce komai ba. Ya ce a gwada kafin a rufe tanki. Daƙiƙa 30: lita ɗaya da ɗan ɗigo. Bayan minti goma yana aiki ya fara kuka kamar sauro a kunne.

27/ Jabu ne. Kuma jabun wannan famfon ya cika duniya, ba Najeriya kaɗai ba, saboda sunan ya yi kasuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da zai tayar da mota, zai yi yawo cikin gari, ni kuma ina taka ta da ƙwarin gwiwar cewa na sa sabo. Tsohon aƙalla na san ya gaji.

28/ Sai da muka yi kwana huɗu ana kai ruwa rana kafin mai shagon ya dawo da kuɗina, shi ma bai cika ba. Na biyun ta hannun wani dila na samo, ya fi tsada nesa ba kusa ba, na jira mako uku. A gwajin bokiti ya kusa cika lita biyu. Kawu ya ce, "Awo. Wanga shi na famfo."

29/ Sa shi ba cirewa da mayarwa ba ne kawai. A E36 ka ɗaga kujerar baya, murfin famfon yana ɓangaren dama. Kafin a kwance tiyo sai an sauke matsin layin, a cire fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa. Da muka leƙa tankin, abin da ke kwance a ƙasa sai ka ce gyauron kunun tsamiya. Aka zuƙe man duka, aka goge, aka sa sabuwar ragar bakin famfo, aka canza filtar da ke ƙarƙashin mota. Sabon famfo a tanki mai datti, ka yi wanka ne ka mayar da tsohuwar riga.

30/ Ɗan guntun tiyon da ke cikin tanki ma na musamman ne. Tiyon mai na gama-gari cikinsa ne kawai ke jure fetur, bayansa ba ya jurewa. In ya kwana nutse cikin mai sai ya kumbura ya fashe, famfo na ta aiki mai na zubewa cikin tanki, geji na faɗuwa, kai kana zagin famfo. Wanda ake nema yana da lambar SAE J30R10 a jiki. Guntun da bai kai tsawon yatsa biyu ba sai da na yi kwana biyu ina nema.

31/ Sai wuta. Wannan shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa. Ƙarfin famfo yana bin boltin da ya iso gare shi. Muka auna: a kan batir wajen 14 inji na tafiya, a bakin famfo bai kai 12 ba. Tsohuwar siririyar waya da tsofaffin soket sun cinye sauran. Aka ja sabuwar waya mai kauri daga batir, da fiyus kusa da batir ɗin, da rile. Aka gyara at. Ya koma 13.5.

32/ A nan ina roƙonku da Allah. Tsohuwar wayar famfo ita za ta riƙa kunna rilen. Dalili: ƙwaƙwalwar motar tana yanke wa famfo wuta da zarar inji ya tsaya. Masu "dairek", waɗanda ke haɗa famfo kai tsaye da makulli ko da wani ɗan suwic a dashbod, sun cire wannan kariyar. Mota ta kife, tiyo ya tsinke, direba ya suma, famfo na nan yana feshin lita huɗu kowane minti kan salansa mai zafi.

33/ Kun sha gani a tasha: galan a but ko a ƙafar fasinja, tiyo ya ratso, famfo a ɗaure da roba. Na san talauci ne da rashin kayan gyara ke jawo shi, ban raina direban da ke neman abincin iyalinsa ba. Amma mai kuɗin sayen turbo ba shi da wannan uzurin.

34/ Bayan an rufe komai muka sake fita da geji a gilashi. Turbo ya busa, allura ta hau 4 ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa, har ƙarshen giya ta uku. Mai saita ƙwaƙwalwa ya zo da na'urar auna iska da mai a salansa, ya ɗan rage mai a wasu wurare, tunda an yi saitin farko ne a kan famfon da ke gazawa. Duk wanda ya canza famfo bai sake duba saiti ba, rabin aiki ya yi.

35/ Shan mai? In ina tafiya ta hankali, bai canza ba ko kaɗan. In na taka kuwa, to, a da ma ba ta ƙoshi ne.

36/ Wani abu da na sa aka cire ranar: wancan saitin da ke sa salansa ta riƙa fashewa fau-fau in ka ɗaga ƙafa. A Abuja ko Kano ado ne, ana ɗauka a bidiyo. A Giyawa in ka yi wannan da magariba, mata za su kwashi yara su yi daji. Mai saitin ya yi mamaki, ya ce wasu kuɗi suke biya a sa musu. Na ce ni ka cire, in da kuɗin cirewa ma zan biya.

37/ Saura matsala ɗaya, kuma ta gadon E36 ce. Tankinta gida biyu ne, kamar mangala a bayan jaki, famfo yana gidan dama. In ka daɗe kana juyawa dama da gudu, man sai ya kwarara gidan hagu, famfo ya zuƙi iska ko da geji na nuna akwai saura. Masu wasan mota da ke juya ta a fili sun san wannan, su ne ke ƙara famfo na biyu a gidan hagu ko ɗan ƙaramin tankin ajiya.

38/ Ni ba na juyi a gidan biki, don haka na bar wannan tukuna. Abin da nake yi, ba na kama hanyar gida sai allura ta haura rabi, kuma a gidan mai ɗaya nake sha cikin Sakkwato. Filta kuma duk canjin baƙin mai biyu sai an cire an duba.

39/ Kawu ya ce aiki na gaba birki ne, kuma ba zai sake taɓa mini inji ba sai an yi shi. Tiyon birkin baya har yanzu na kamfani ne, na ga tsaga a jikin na hagu. An kawo kayan jiya, Asabar za mu ɗaga ta.